Neman Iyakar Ruwan Kwarin Dinya

Tun da na dawo makaranta ba ni da sakat. A ɗakin kwana tambaya, a aji tambaya, har mai shayinmu ya ce wai ya ji na shiga dajin Falgore da tiyo a kafaɗa. Kun san bakina ba ya iya dogon labari, in na fara sai in tsaya a tsakiya ina neman kalma. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga abin da ya kai ni. Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, shi ne shugaban ƙungiyar ci gaban Dinya, wani ƙauye a ƙasar Tudun Wada, can kusa da inda ta haɗu da Doguwa. Akwai kwari tsakanin garin da babbar hanya. Da rani ko kaza za ta tsallake shi, amma da damina in ya kawo, mai ciwo da mai naƙuda sai su jira ya sauka. Mutanen gari sun haɗa ƙarfi za su yi kwalbati, Kawu kuma ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi alkawarin za a gama kafin ruwa ya zauna. Da ya ji aikin kammala karatuna a kan lissafin ambaliya ne, sai ya bugo waya.

"Habibu, bututun kankare ɗaya muke da niyyar sawa. Kai dai ka duba mana a kwamfutarka ka ce to."

Wanda ya tashi a gidan soro ya riga ya san rabin karatunmu. Yawan ruwan da indararo ke zubarwa ya danganta da faɗin rufin da ke gangaro masa. Rafi ma yana da nasa rufin, wato duk ƙasar da in ruwan sama ya sauka a kanta cikinsa zai gangaro. In ka san faɗin wannan ƙasa, da gangarenta, da nisan da ruwan can ƙarshe zai yi kafin ya iso, kana iya ƙiyasta cikar rafin a ranar babban ruwa. Sai dai ba da ƙafa muke auna rufin ba. Taswirar tudu da kwari muke ɗauka, wadda tauraron ɗan Adam ya auno, ta yanka ƙasa gida-gida kamar ramukan dara, kowane gida da tsayinsa guda.

Taswira biyu na samu. Ɗaya manyan gidaje gare ta, kowanne ya kusa filin ƙwallo. Ɗayar gidajenta ƙanana ne. Mai manyan gidaje ta ce rufin Kwarin Dinya ƙarami ne, bututu ɗaya ya isa. Mai ƙananan gidaje ta ce a'a, akwai wani faffaɗan fako can sama a bakin daji, ɓangaren Doguwa, wanda shi ma cikin kwarin yake zuba ta wani siririn layi. In haka ne, sai kwalbati mai baki uku. Kowacce tana iya yin ƙarya. Ta farko tana shafe duk abin da bai kai faɗin gidanta ba, ta biyu kuma a bakin daji takan ɗauki kan bishiya a matsayin tudu. Malamina ya ce a takarda ya halatta in zaɓi ɗaya in rubuta dalilina, amma tun da mutane za su taka abin, gara in je in gani. Ya ara mini na'urar nuna wuri, na sayi dogon farin tiyo irin wanda magina ke auna daidaiton tsayi da shi, na kama hanya a tsakiyar bazara.

Motar da na shiga daga Kano ƙaramar bas ce, an cusa mu kamar goro a huhu. Mun wuce mararrabar Bebeji kaɗan sai ta fara tari, ta mutu. Mai ya ƙare. Direba ya tsayar da wani ɗan'uwansa direba, suka daidaita zai sayar masa da mai daga tankinsa, sannan ya fara dube-dube.

"Wa na ga ya shigo da tiyo?"

Na tura jakata ƙarƙashin kujera. Wata tsohuwa da ke gefena ta nuna ni da haɓa.

"Malam ɗalibi, taimaka wa Musulmi."

Ina so in ce na awo ne, in mai ya shiga ya ɓata shi, amma duk motar ni take kallo. Na miƙa. Ya zuƙo man da bakinsa, ya tofar, ya dawo mini da tiyona yana warin fetur, har da sa mini albarka. Ita kuma motar, da ta sha man, ta ƙi tashi sai da muka tura.

Rana ta yi sanyi kafin mu isa Kwanar Dangora. 'Yan kamasho na ta kiran Tudun Wada, Doguwa, Saminaka, ga masu rake, ga masu tsire suna fifita wuta. Na ga in na ci gaba duhu zai same ni a hanya, sai na hau acaɓa zuwa Yako, gidan Gwaggo Asabe, yayar mahaifina.

A birni gaisuwa biyu uku an gama. A Yako sai da Gwaggo ta tambayi kowa na gidanmu da sunansa, ta tambayi zafi, ta tambayi makaranta, ta sake komawa kan zafin, sannan ta ce in zauna. Tuwon masara ta kawo da miyar kuka wadda ta ji daddawa, a kwanon da mutum uku za su ci su bari. Na yi iya yina na ture.

"Wannan cin na masu biro ne," in ji ta. "Me ka sa a jaka yake wari haka?"

Na ba ta labarin direba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta dafa ruwa, muka yi ta ɗura wa tiyon ruwan toka da sabulu muna zubarwa har warin ya tafi. Tana riƙe da ɗaya bakin ta tambaye ni abin da zan gaya wa Kawu.

"Abin da na gani, Gwaggo."

"Sale? Tun yana saurayi in ya ce gabas, ko alƙibla sai ta juya. Kai kuma da ko gishiri ba ka iya cewa a ƙara maka ba."

Gaskiya ta faɗa.

Da safe na koma Kwanar Dangora na shiga motar Tudun Wada. Tun daga nan ƙasa ta fara sauya. Fadamu sun yi yawa, ga gonakin shinkafa da aka gyara ana jiran ruwa, hira a motar kuma duk ta taki ce da irin masara. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda suke maganar ruwa. Mu a unguwarmu ruwa abu ne da mai kura ke kawowa a jarka. Su kuwa kamar wani maƙwabci mai zuciya suke zancensa: bara ya yi fushi, ya ci gonar wane, ya bar ta wane.

Kawu na jirana a tasha da babur ɗinsa. Muka gaisa, na durƙusa, ya ɗaga ni. Kafin mu shiga Dinya ya tsaya a bakin kwarin ya nuna mini. Busasshe ne, sai yashi da sawun awaki.

"Ka gani da idonka. Wannan ɗan abin ne za a ce bututu ɗaya bai ishe shi ba?"

Na ce ina so in ga inda ruwansa yake farowa.

"Daga sama yake farowa, wurin Allah."

"Kawu, akwai wani fako a bakin daji."

"Fakon Ardo? Wannan ai ba namu ba ne. Ruwansa yamma yake yi, ya shiga daji. Kowa ya sani."

Na ce duk da haka ina so in je. Ya dube ni, ya ga ban ɗago kai ba kuma ban janye maganar ba. Ya ce magina jibi za su fara haƙa. Na ce gobe ma ta isa.

A ɗakin zaure aka sauke ni, tare da buhunan masara da wata kaza da ta ƙi yarda ɗakin ba nata ba ne. Babu wutar lantarki a garin, sai na kai kwamfutata shagon mai cajin waya. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya ce bai taɓa yi wa waya mai girma haka caji ba.

Washegari muka hau babur, Kawu na tuƙi, ni ina baya da tiyo da jarkar ruwa da sanduna biyu. Hanyar ta bar gonaki ta shiga duwatsu. A bakin dajin Falgore akwai shingen masu gadi, nan ne iyakar da ba a wucewa sai da bayani. Babbansu ya karɓi katin makarantata, ya juya na'urar nuna wuri a hannunsa.

"Kuza kake nema ko zinare?"

"Ruwa, ranka ya daɗe."

"A jarkarka ga ruwa."

Kawu ya yi masa bayanin kwalbati. Mutumin ya ce shi ma ya taɓa kwana a bakin wannan kwari da babur, don haka mu bi gefen daji kada mu shiga ciki, kuma mu sauko kafin la'asar.

Rugar Ardo Buba tana gindin fakon. Dattijo ne siriri, da Hausarsa tas, sai dai in ya juya ga mutanensa ya koma Fulatanci. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da kindirmo mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki. A gida in an ba ka abu kana cewa ka ƙoshi sau ɗaya an ƙyale ka. A nan ƙoshi ba hujja ba ce. Sai da ƙwarya ta koma rabi Ardo ya tambayi abin da ke tafe da mu.

Da na ambaci ruwan fako, fuskarsa ta ɗan sauya.

"Yamma yake bi tun zamanin kakana."

"Ka ji ko?" in ji Kawu. "Tashi mu tafi."

Na ce a yi mini haƙuri in gani. Kafin su amsa na riga na miƙe da tiyona.

Ga abin da na tarar. Duk ruwan fakon a wani tafki yake taruwa, wanda a lokacin ya kusa ƙafewa. Ta yamma tafkin yana da mafita, wani matsattsen wuri tsakanin duwatsu biyu. Ta gabas tudu ne, kuma a taswira mai manyan gidaje tudun a rufe yake kamar katanga. Amma a ƙasa ba a rufe yake ba. Burtali ya ratsa shi, hanyar da shanu ke bi su sauka kiwo su dawo. Kofato da ruwa sun daɗe suna cin wurin har ya zama rami mai zurfin ƙirjin mutum, faɗinsa iya shanu biyu a jere. Wannan ne siririn layin da ɗayar taswirar ta nuna. A bakin burtalin kuma, daidai inda ya taɓa tafki, akwai datsiya ta ƙasa da duwatsu da ƙaya, sabuwar ɗauri.

Na tambayi Ardo wa ya yi ta. Ya ce su ne. Kowace bazara suna taruwa su ɗaga ta, don tafki ya riƙe ruwan da maruƙa za su sha. Shanu na haurawa ta kanta suna cinye ta, shekara ta zagayo a sake.

Ido ba zai iya raba tsayin datsiyar da na mafitar yamma ba, don haka na cika tiyo da ruwa. Ruwa a cikin tiyo, ko ya yi nisa, bakinsa biyu a tsayi ɗaya suke tsayawa. Mutum biyu su riƙe, kowa ya jingina nasa da sanda, a auna daga alamar ruwa zuwa ƙasa, a matsa gaba a sake. Na roƙi Kawu ya riƙe ɗaya bakin.

"Ni shugaban ƙungiya guda, na zama yaron magini."

"Kawu, kada ka toshe bakin da yatsa."

"In ban toshe ba ai zubewa zai yi."

"Ɗaga shi sama kaɗan."

Muka yi ta ja daga mafitar yamma, muka zagaye bakin tafki. A tsakiya Kawu ya sunkuya korar ƙuda, ruwan ya tsiyaye, kumfa ta shiga. Na ce sai mun koma farko. Ya ce in ƙiyasta mana. Na ce abin da ya sa na baro Kano ke nan, ƙiyasi biyu gare ni sun ƙi jituwa. Ardo ya yi murmushi a karon farko, ya karɓi tiyon daga hannun Kawu ya ce shi hannunsa ya saba da tatsa, ba ya rawa. Muka sake daga farko, muka kuma maimaita a dawowa don in tabbata.

Awon ya nuna ƙasan burtali ya fi mafitar yamma zurfi sosai. Kan datsiyar kuwa ya ɗara mafitar yamma tsayi, amma da abin da bai kai taƙi ɗaya ba. Ma'ana, in ruwa na hankali ne, tafki zai cika ya fita ta yamma, Dinya ba ta ga ko ɗigo ba. In kuwa babban ruwa ne, matsattsen wurin nan ba zai iya kwashewa ba, tafki zai ɗaga, ya haura datsiya, ya wanke ta, fakon gaba ɗaya ya juyo gabas. Taswirar farko ta yi gaskiya a yawancin ranaku. Ta biyu ta yi gaskiya a ranar da ake gina kwalbati dominta.

Na sauka cikin burtalin na bi shi kaɗan. A jikin ƙayoyin gefe, sama da ƙuguna, ga busasshiyar ciyawa da kara sun maƙale, duk sun kwanta suna fuskantar gabas. Na kira su suka gani. Ardo ya daɗe yana kallo.

"Wata shekarar ruwan yana fin ƙarfin datsiyar," in ji shi a hankali. "Yaro, in ka kai wannan magana gari, cewa za su yi a rufe burtali. Ta ina shanu za su bi?"

Na dubi Kawu, na ga maganar tana bakinsa.

"Ba rufe burtali ya kawo ni ba, Baffa. Ko an rufe, ramin yana nan."

"To a ɗaure datsiyar da siminti," in ji Kawu. "Shi ke nan, bututu ɗaya ya isa."

"Shanu ba za su haura siminti ba, Kawu. Za su kewaye ta gefe, su sake cin wani ramin. Kuma ba zan iya ɗora lissafin abin da mata za su taka a kan datsiyar da ke wani gari ba, wadda ba mu san ranar da za ta karye ba."

Ban taɓa yi wa babba magana mai tsawon wannan ba. Kawu ya juya ya nufi babur. Har muka sauko, muka wuce masu gadi, muka shiga gari, bai ce mini uffan ba.

Da hantsin washegari na karɓo kwamfutata na sake lissafin da abin da na auno. Na sa fakon a ciki, amma na bar wa tafki ruwan da zai riƙe kafin ya haura. Cikar ta ɗan ragu daga abin da taswira ta biyu ta ce, sai dai har yanzu ta fi ƙarfin bututu ɗaya nesa ba kusa ba. Baki uku dai.

Bayan la'asar aka taru a gindin ɗorawar ƙofar masallaci. Na zaci Kawu zai yi bayani, sai ya ce, "Ga ɗan 'yar'uwata, shi ya je, shi zai faɗa." Na tsuguna, na gaida dattawa, na ɗauki tsinke na zana tafki a ƙasa, da mafitar yamma, da burtali. Ƙasa nake kallo ina magana, hakan ya taimake ni. Na ce a ranar babban ruwa kwarin zai kawo sau biyu, na farko ruwan gonakinsu, na biyu ruwan fako, wanda zai iso a makare, bayan an ɗauke ruwa.

Liman ya gyara zama. "Wannan kam mun sha gani. Sama ta washe, mutum ya shiga, sai ga shi ya taho."

Wani ya ce a je a rufe hanyar shanun. Na ce ramin ba zai cike don an hana shanu bi ba, kuma mutanen rugar ne ma suke ɗaga datsiyar da ke tare musu ruwa a sauran shekaru. Aka yi ta magana a kan wannan, har ta lafa.

Sai Malam Idi mai shago, wanda aka ce sun daɗe suna ja-in-ja da Kawu, ya yi gyaran murya.

"To shugaba, baki uku ba zai gamu kafin damina ba. Alkawarin ƙofar masallaci fa? Matar ƙanena cikin marka za ta haihu."

Kowa ya juya ga Kawu. Kawu ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

"Na yi alkawari, kuma ba zan cika shi bana ba. Ku faɗa mini duk abin da kuka ga dama. Kwalbati na ce zan yi muku, ba bututun da ruwa zai kwashe a tsinto a madatsar Tiga ba. Matar ƙanenka kuma, da duk wadda watanta ya kama, in lokaci ya matso a kai su Tudun Wada gidan ɗana, ɗakuna biyu ne a can."

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu sun tashi ba sallama. Amma aka tsayar cewa bana za a zuba harsashi mai faɗin baki uku, a ɗora sauran bayan kaka.

Ranar da zan taho, na ɗaure jakata muka biya ta bakin kwarin. Magina sun riga sun kafa turaku sun ja igiya a kan faɗin bututu ɗaya, suna zaune a kan shebur suna jiran umarni. Kawu ya kafe babur, ya sauka cikin yashi, ya tumɓuke turken gefen hanya da hannunsa. Ya ba ni bakin tef na riƙe a ɗaya turken, ya fara ja da baya yana kallona. Ya yi 'yar tafiya ya tsaya.

"Nan?"

Na duba tef ɗin.

"Ƙara gaba, Kawu."

Ya ƙara, ya sake tsayawa, maginan na kallonmu.

"Nan fa?"

"Saura kaɗan."

Ya girgiza kai, ya ja baya har sai da na ce ya isa. Sannan ya karɓi guduma daga hannun babban magini, ya kafa turken da kansa.